Na Tsuguna Gaida Baffa, Abokina Ya Wuce Ni

Anti Lubna, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cin raina ba na iya faɗa wa wanda ya san fuskata. Ni magidanci ne, da mata da 'ya'ya biyu, kuma abin da ya hana ni sukuni ba ciwo ba ne, ba rigimar gida ba ce. Gudu ne. Na san za ki yi dariya, kowa ma dariyar yake yi, amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ni malamin gona ne a Ikara, haifaffen Saulawa. Shekarun baya na ga wata gasa a waya wadda ake haɗa abu uku a jere ba hutawa: a yi iyo a ruwa, a fito a hau keke, a sauka a ƙarasa da gudu mai nisa. Abin ya shiga raina ya zauna daram. Iyo dai tun ina yaro na iya shi a rafin garinmu, keke kuwa da shi na yi zuwa makaranta, gudun ne kawai ya rage mini. Sai na sayi kambas na gwanjo a kasuwar Makarfi, na fara fita bayan sallar asuba. Mutane suka ce malamin gona ya taɓu. Akwai tsohuwar da ta taɓa ajiye tulunta ta tare ni tana salati, wai in gaya mata wanda ya biyo ni.

A haka na haɗu da Philemon. Malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Ikara, Kirista ne mutumin wajen Zonkwa, aiki ne ya kawo shi tun da daɗewa. Ya ga ina wucewa ta ƙofar gidan da yake haya, ya roƙi ya riƙa bina. Anti, ranar farko ko bakin gari bai kai ba ya dafa gwiwa yana haki kamar zai shiɗe. Ni na koya masa kada ya fara da ƙarfi. Ni na nuna masa yadda ake sauke ƙafa ba a buga dunduniya, da yadda ake jan numfashi a hawa. Ni na raka shi ya zaɓi takalmi. Ni na sa shi a ruwa a dam ɗin bayan gari da jarka ɗaure a ƙugunsa, yana shan ruwa yana kiran sunan Yesu, ina riƙe da igiya ina dariya. Mukan hau keke har Hunkuyi a ƙasar Kudan, mu zauna mu sha rake mu juyo. Ranar Juma'a shi ke jirana, ranar Lahadi ni ke jiransa ya taso daga coci. Tsakani da Allah ban taɓa yin aboki irinsa ba, wannan dole in faɗa kafin in faɗi sauran.

To ga inda matsalar take. Anti, ke ma kin san garuruwanmu. Ba a wuce babba a tsaye, balle a guje. Ni kuwa daga Ikara har Saulawa babu gindin bishiyar da ba a san ni ba. Wannan abokin mahaifina ne, wancan kawun matata ne, na gaba shi ya yi mini huɗuba ranar suna. Da zarar jikina ya ɗumama, ƙafa ta saki, numfashi ya daidaita, sai in hango farar hula a kan tabarma. Shi ke nan, sai a rage gudu, a sauka gefen hanya, a tsuguna. A tambayi kwana, a tambayi iyali, a tambayi jikin Inna, a tambayi damina. Kuma da yake ni malamin gona ne, gaisuwar ba ta ƙarewa a nan: sai an gangaro kan taki, sai an nuna mini ganyen masarar da tsutsa ta ci, sai an tambaye ni ko barkonon bana zai yi daraja. Kafin in miƙe gumi ya bushe, cinya ta sandare, sai in sake farawa daga farko kamar ban yi komai ba. Ko gajeren wando ba na iya sawa, don ba zan tsuguna gaban surukina da cinya a waje ba. Da dogon wando nake gudu, ya jiƙe da raɓa ya riƙa naɗe mini ƙafa.

Shi kuwa gogan naki? Ɗan guntun wandonsa, ya ɗaga hannu ɗaya, ya yi murmushi, fiu, ya wuce. Babu mai cewa uffan. Baƙo ne, ba a sa ran komai daga gare shi. Da farko yakan jira ni can gaba yana tsalle-tsalle a wuri ɗaya, daga baya ni da bakina na ce ya riƙa tafiya, in na gama zan tarar da shi. Ashe kaina na yi wa. Shi yana gudunsa a miƙe tun daga farko har ƙarshe, ni ina yin nawa guntu-guntu.

Ana nan, a tsakiyar daminar nan wata ƙungiyar matasa ta shirya gudun fanfalaki daga Makarfi zuwa Ikara, don a gwada ƙafa kafin babbar gasar mai hawa uku da za a yi bayan kaka. Anti, na yi shiri. Na rage tuwon dare, na daina shayi mai sukari, matata Mukarrama har tsokanata take yi wai ta auri ɗan tsere ba ta sani ba. Ranar gasar kuma Allah ya ba ni ƙafa. Tun daga tsakiyar hanya na bar kowa, Philemon ne kaɗai a bayana, shi ma in na waiga sai in hango shi ɗan ƙarami. Na fara jin ganga da ihun mutane daga cikin gari. Wallahi har na fara tunanin inda zan ajiye kofin a ɗaki.

Sai ga Baffa Jumare a bakin gari. Baffa yayan mahaifina ne, a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makaranta, shi ya karɓa mini aure. Bai taɓa zuwa kallon guduna ba, hasali ma shirme yake ce masa. Ashe ya ji labari, ya hau acaɓa tun daga Saulawa da sandarsa da babbar rigarsa, ya zo ya tsaya da wasu dattawa biyu. Yana ganina ya kira ni da sunan da shi kaɗai ke kirana da shi. Anti, ban yi shawara da ƙafafuna ba, su suka tsaya da kansu. Na tsinci kaina a tsugune, ina haki, da lamba manne a ƙirjina, ina amsa tambayar lafiyar Mukarrama da yara. Ya gama wannan ya shiga ba ni labarin tsutsar da ta faɗa wa masararsa ta bakin fadama.

Ina tsugunen nan na ji takun Philemon. Ya zo daidai inda muke ya ɗan rage gudu, ya dube ni, ya yafito ni da hannu alamar in taso, sannan ya wuce. Kin san abin da Baffa ya yi? Ya ɗaga sanda ya bi shi da ita, ya ce wa dattawan wannan baƙon barewa ne. Sannan ya juyo ya tambaye ni, wai yaya aka yi na bari baƙo ya wuce ni a garinmu. Kai, Anti! Na miƙe cinyata ta riƙe, na ƙarasa ina ɗingishi. Na biyu na zo.

Tun daga ranar ban sake samun kaina ba. Duk inda na shiga zancen baƙon nan mai gudu ake yi. Haka suke kiransa har yau, baƙon nan, ko sunansa ba su sani ba, amma shi ake yabo. Masu shayi na ba shi kyauta. A ofis an saka hotonsa a waya ana nuna mini, ni da na koya masa ɗaura igiyar takalmi. Ni kuma sabon sunana a gari Malam Ina Kwana. Ko manoman da na tsaya dominsu shekara da shekaru da su ake dariyar. In na ji an ambaci sunansa sai in tashi in bar wurin. In na gan shi a guje sai in ji ina ma ya yi tuntuɓe, sai kuma in yi istigfari. Washegarin gasar ya zo gidana da kofin a leda, wai in ajiye a wurina don ni ne da nasara. Na ce ya ɗauki abinsa, ni ba a ba ni sadakar kofi. Ya ɗauki ledarsa, ya tafi. Mukarrama ta ce ban kyauta ba, na ce mata ba ruwanta da harkar maza.

Akwai wani abin kuma da ban faɗa wa kowa ba. Kwanakin baya mun je gudu a hanyar Kudan inda ba wanda ya san ni, babu tabarma babu farar hula, amma duk da haka a hawan ƙarshe ya ba ni rata. Na ce masa takalmina ne ya matse ni. Ba takalmi ba ne.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Babbar gasar ta matso, kuma a abu ukun nan iyo ne kaɗai har yanzu na fi shi nesa ba kusa ba. Bai ƙware ba, in ya gaji nutsewa yake fara yi, shi ya sa kullum nake binsa a baya da jarka. To na daina zuwa dam. Na ce masa kafaɗata ke ciwo, alhali lafiyata ƙalau. A raina cewa nake, tunda shi barewa ne, ya je ya koyi zama kifi da kansa. Shekaranjiya ya aiko mini saƙo cewa tunda kafaɗar ta ƙi sauƙi, zai fara zuwa shi kaɗai, don lokaci na ƙurewa. Dam ɗin kuwa cike yake maƙil da ruwan damina. A ƙarshen saƙon kuma ya sake maimaita roƙon da ya daɗe yana yi mini tun kafin gasar, wai in kai shi Saulawa ya gaida Baffa Jumare. Ki ji fa! Ya ƙwace mini kofi, ya ƙwace mini suna a gari, yanzu kuma Baffan nawa yake so ya haɗa da shi.

Anti, ban ba shi amsa ba. Zuciyata ɗaya na cewa in rabu da shi, kowa ya yi atisayensa, mu haɗu a filin gasa. Ɗayar kuma ta hana ni cin abinci. Shin laifina ne da na tsaya gaida wanda ya raine ni? Shin adalci ne a ɗora mini kayan da ba a ɗora masa ba, sannan a ce ya fi ni? Wannan abin da nake ji, hassada ce ko kuwa ina da gaskiya? Ki faɗa mini ko da ba zai yi mini daɗi ba.

Naki,
Mai Tsayawa a Hanya, daga Ikara

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Mai Tsayawa a Hanya. Na yi dariya kam, ba zan ɓoye maka ba, musamman a wajen tsutsar masara. Amma da na kai kan zancen dam dariyar ta tsaya, don haka da shi zan fara.

Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ɗauki waya ka gaya wa Philemon kada ya kuskura ya shiga ruwan nan shi kaɗai, kana nan tafe da jarkarka. Wannan ba ya cikin abin da za mu auna mu ga wa ke da gaskiya. Kai ka sa shi a ruwa, kai ka san iyakar ƙarfinsa, kuma ƙaryar kafaɗarka ce za ta tura shi. In wani abu ya same shi, babu kofin da zai wanke maka zuciya har ka koma ga Allah. Ka warkar da kafaɗar nan yau.

Sai tambayarka. E, ƙyashi ne, kuma kai ma ka sani, shi ya sa kake istigfari. Ban ga abin mamaki ba. Mutum ya koya wa wani abu da hannunsa, ya wayi gari wanda ya koya wa ya sha gabansa a gaban jama'ar garinsu, dole ya ji zafi. Jin zafin ba ya mai da kai mugu. Abin da ka fara aikatawa saboda shi ne nake jiye maka tsoro.

Ta wani ɓangaren kana da gaskiya, kuma ba zan rage maka ita ba. Kayan da kake ɗauke da shi a hanya ya fi nasa nauyi. Gudun nesa yana son a yi shi a miƙe, wanda ake katse shi a kowace bishiya ba zai gina ƙarfi kamar wanda ba a katsewa ba. Tsayawar da ka yi wa Baffa kuwa ba abin kunya ba ce. Masu kiranka Malam Ina Kwana, in ka bincika, da ka wuce tsohon a guje su ne za su fara cewa boko da gudu sun lalata ka.

Amma kuskurenka ba a bakin gari ka yi shi ba, tun kafin ranar ka yi shi. Shekara nawa kana wannan gudu, ka taɓa zama ka yi wa Baffa bayanin mene ne shi? Tsohon nan ya ɗauka shirme ne, amma ya hau acaɓa da sandarsa ya zo ganinka. Bai san tsayawa na kayar da mutum ba. Tambayar da ya yi maka mai ciwo, ta yaya ka bari aka wuce ka, ni abin da na ji a cikinta shi ne so yake ka ci. Dattawanmu ba su jahilci uzurin aiki ba. Kai malamin gona ne, ka fi ni sani: mai huɗa da shanu ba ya sakin garma ya zo ya tsuguna, sannu da aiki ake yi masa, ya amsa yana tafiya, da yamma ya zo gaisuwa. Ba wanda ya taɓa gaya musu cewa gudunka ma aiki ne. Ka sa rigarka ta mutunci, ka riƙi goro, ka je ranar da ba ka gudu. Ka yi masa bayani a nutse, ka nemi izininsa: in kana cikin gudu za ka ɗaga hannu, cikakkiyar gaisuwa kuma za ka kawo ta har gida. In Baffa ya yarda, shi da kansa zai sanar da sauran masu tabarma, kuma daga bakinsa ba mai musu. Kafin nan, ranakun gudu mai tsanani ka kai su hanyar Kudan, ka bar hanyar Saulawa don ranakun sassauci.

Hanyar Kudan ɗin ma ina da magana a kanta. Na gode da ka faɗi gaskiya cewa ba takalmi ba ne. Mai yiwuwa Philemon ya fi ka gudu yanzu, ko da gaisuwa ko babu. Ka haɗiye wannan, ba guba ba ce. Wanda ya ɗan fi ka shi ne abokin atisayen da kowane mai gudu ke nema, shi zai ja ka a hawa kamar yadda kake jansa a ruwa. In ka kore shi ka koma gudu kai kaɗai, ba ƙafarsa ce za ta ragu ba, taka ce.

Yanzu ka dubi ɓangarensa, don wasiƙarka ta faɗi abin da kai ba ka ji ba. Ka ce mutumin nan ya daɗe a Ikara, yana koyar da 'ya'yanku, ya ci gasa a gabanku, amma har yau sunansa baƙon nan. Kai kana ƙyashin yana wucewa ba mai tsayar da shi. Ka taɓa tunanin yadda yake ji, kullum da safe yana wuce tabarma bayan tabarma, yana jin ana kiran sunanka ana tambayar matarka da 'ya'yanka, shi kuwa ko ya kwana lafiya ba mai tambaya? Ya rage gudu ya yafito ka ana tsakiyar gasa. Ya kawo maka kofi har gida ka kore shi. Abu ɗaya yake roƙonka, kuma tun kafin gasar yake roƙo: ka kai shi ya tsuguna inda kake tsugunawa. Ba ƙwace maka Baffa zai yi ba, ɗan'uwana. Abin da kake kuka da shi ne shi kuma yake sha'awa.

Don haka ka tafi da shi ranar da za ka kai goron. Ka ba shi haƙuri a hanya kan maganar kofi, ka faɗa masa gaskiyar kafaɗa, ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ba Mukarrama ma nata haƙurin, don ta riga ni faɗa maka. In kun isa, ka gabatar da shi da sunansa da sunan mahaifinsa da garinsu, yadda ake gabatar da mutum. In Baffa ya ba da izinin ɗaga hannu, kun huta ku biyu. In kuma ya ƙi, to ka kwantar da hankalinka: daga ranar da ya san sunan Philemon, shi ma ya daina wucewa fiu. Adalcin da kake nema ya samu, tare za ku riƙa tsugunawa ana ba ku labarin tsutsa.

Allah ya yaye maka abin da ke ranka, ya tsare ku a ruwa da kan hanya, ya ba mai rabo sa'a a gasar. Allah kuma ya ja kwanan Baffa Jumare, ya kai shi ranar da zai tsaya a bakin gari da sandarsa yana kiran sunaye biyu.

Taku,
Anti Lubna